Shirun da Umma Ba Ta Yarda da Shi Ba

Ranar Alhamis ɗin da aka ba mu hutun zango na biyu, ina aji huɗu, na tarar da Umma a tsakar gidanmu na Abakpa tana tsintar shinkafa a inuwar gwaba. Umma ba ta yi boko ba, ni ke karanta mata katin sakamakona. Da na zo kan bayanin Malama, na ce an rubuta ni mai shiru ce. Ta karɓi katin ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauko na zangon baya ta jera su a kan tabarma. Ba ta san harafi ba, amma tana gane sura kamar yadda take gane zanen atamfa daga nesa. "Wancan karon ma shiru kika ce, kuma kalmomin ba su yi kama ba. Me kike ɓoye mini?"

Na rantse duk ɗaya ne. Ta bar wa kaji shinkafar, ta yafa mayafi, ta kai katunan wurin Anti Ladi, maƙwabciyarmu mai buga takardu a ofis. Anti ta ce kalmar katin farkon, "quiet", ta mai ƙarancin magana ce, hali ne kawai. Ta biyun, "silent", ta wanda ba a jin muryarsa ko kaɗan ce.

Duk hutun nan idon Umma na kaina. Ina wanke-wanke tana kallo, muna 'yar gala-gala a ƙofar gida tana leƙe. Ta zargi Malama, ta zargi mai adaidaitan da ke kai mu, har kunnena ta duba. Da aka koma makaranta sai ta bi ni a ɓoye, ta zauna wurin mai awara a bakin get. Matar ta ce mata, "'Yarki ce ke saye, wata ke ci."

Monitarmu ce. In ban ba ta awarata ba, sai ta sa sunana cikin masu surutu a zane ni. Shi ya sa na daina magana gaba ɗaya, ko amsar da na sani ba na bayarwa. Umma ta shiga ajin da mayafinta mai ƙamshin hayaƙi, ta yi magana da Malama, washegari aka karɓe takardar sunaye daga hannun yarinyar.

Yanzu ina aiki a wani gari, na san kalmomin Turanci da yawa, Umma kuwa sai a waya, ba ta ganin fuskata. A nan in na ce lafiya lau, kowa yarda yake yi.