Lambar Ustaz Ta Hau Bayan Faisal

Labarin ya same ni yau da safe, ina tsakiyar yanka nama a shago. Waya ta yi ƙara, na goge hannu na duba. Hoton wata farar riga ne a rataye, sunan jikana Faisal a sama, a ƙasa 26.

Sai da na nemi wuri na zauna.

Kulob ɗin besbol da ya ɗauke shi a Japan ya fitar da sunayen 'yan wasansa na bana, kowa da lambarsa. Magana ta tabbata. Tun ɗazu duk wanda ya zo sayen tsire sai na nuna masa, har wani Bapakistane da bai san me nake cewa ba.

Amma wanda ya fi kowa jiran hoton nan ba ya nan. Ustaz Abdurrahim, malamina, ya rasu gab da azumi.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Bahaushen Sudan ne, direba a wani kamfani. A gidajen ma'aikatan kamfanin ya koyi besbol wurin Turawa da 'yan Filifin, ya zama shi ne mai tsugunawa a bayan mai sanda yana cafe ƙwallo. Da yamma kuma yana koya wa irinmu, manya da boko ya wuce, karatu da rubutu a wani ɗaki a unguwar Sharafiyya, nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Na shiga ajinsa ina da furfura.

Wani lokaci daga fili yake zuwa aji, ya zura jallabiya a kan rigar wasan. Idan ya juya zai yi rubutu a allo, lambar tana fitowa ta cikin farin yadin. Ita ce lamba ta farko da na karanta da kaina. Na ce da ƙarfi, "Ashirin da shida." Ya waiwayo ya ce, "Ya Hajj Bala, allo na ce a duba, ba bayana ba. Amma ka ci."

Bai taɓa gyara mini kuskure a gaban mutane ba. Sai washegari ya biyo ta shagona a unguwar Bani Malik, ya ce a ba shi tsinke biyu, yana ci yana cewa, "Af, kalmar nan ta jiya, ya ma aka rubuta ta?"

A shagon ya ga Faisal yana jifan gwangwani da dutse. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ka ba ni aron hannun nan duk Juma'a." Shekara da shekaru yana tsuguna masa a filin bayan unguwa, Faisal na jifa shi yana cafewa, har gwiwoyinsa suka ƙi, ya koma cafewa a kan kujerar roba.

Da Faisal ya sa hannu a kwantiragi, abu ɗaya ya roƙa: lambar Ustaz. Sai aka tarar wani ɗan wasa da ya daɗe a kulob ɗin yana sanye da ita. Ashe a wasan nan ba a ƙwace wa mutum lamba. Sabo ne zai je ya roƙa, idan an bar masa ya yi kyauta mai nauyi, galibi agogo. Kuma ko an bar masa, ba ta zama tasa ba sai ranar da kulob ya miƙa sunaye aka rufe. Kafin nan da rigar atisaye mara komai a baya yake yawo.

Faisal ya kira mu hankali a tashe, rabi Hausa rabi Larabci. Ustaz ya karɓi wayar ya ce, "Ya waladi, ɗana, kada ka tura masa saƙo. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida baffanka. Ka faɗa masa rigar ta wa ce. Agogo kuma yana da shi. Abin da kakanka ke sayarwa ne ba shi da shi."

Haka na ɗaura yaji da garin ƙuli na aika. Faisal ya nemo naman halal ya gasa wa kulob ɗin gaba ɗaya. Ya ce mutumin ya ci, hawaye na zuba saboda barkono, ya sake miƙo faranti. Bayan an watse mutumin ya ce ya bar masa lambar.

Na ce da Faisal, "Kai da ko albasa ba ka iya yankawa?" Ya ce, "Ya Sidi," haka jikoki ke kiran kaka a nan, "ka yi shiru, na fi ka kasuwa yanzu. Kai ka taɓa sayar wa Bajapane?"

Ni a nan na ɗauka an gama. Har na yi magana da mai buga riguna, zan yi wa 'yan ajinmu. Ustaz ya hana. Ya ce alkawarin mutum ɗaya ne, kulob bai ce komai ba tukuna, a jira.

Ganina da shi na ƙarshe a gidan 'yarsa ne a unguwar Safa, bayan La'asar. Ya rame ƙwarai, amma ya sa an kawo mini shayi da na'ana'a yadda nake so. Ina zama ya ce, "An sa masa lambar?" Na ce ba a sa ba tukuna. Ya ce, "Idan ta fito ka karanta mini da bakinka. Ba na son yaran nan su riga ka." Na ce in sha Allahu. Da zan tafi ya ƙara da cewa, "Ka ce wa Faisal ya daina sauke gwiwar hannu wurin jifa idan ya gaji."

Ban sake jin muryarsa ba.

Ɗazu Faisal ya kira, can wurinsu yamma ta yi. Ya ce, "Halas ya Sidi, an gama, ta zama tawa." Sannan ya ce, "Za ka je wurinsa?"

Zan je. Yau zan rufe shago da wuri. Kun san maƙabartunmu na nan, ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kai, amma na riƙe wurin, kusa da katanga ta gabas. Zan yi masa sallama, in yi masa addu'a, in faɗi abin da ya ce in faɗa. Isarwa kuma ta Allah ce.

Ya Allah ka gafarta wa Ustaz Abdurrahim, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa kowane harafi da ya koya mana ya zama haske gare shi. Ka tsare Faisal a ƙasar mutane, ka riƙe masa sallarsa da hannunsa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Ustaz a addu'arsa ta yau. 'Yan ajinmu na Sharafiyya, wanda ke da hali mu haɗu a ƙofar maƙabarta bayan La'asar.