Kurciyar da Ta Jira Oda

A unguwar Peckham ta London ba a hura wuta a tsakar gida, don babu ma tsakar gidan. Hita ce ke ɗumama ɗakin da nake haya, ba hayaƙi, ba ƙamshi. Amma idan na dawo daga laburare da yamma na biyo ta Rye Lane, akwai wani mai gasa masara a bakin shago, kuma warin gawayinsa kan mayar da ni filin wata firamare inda muka zauna da kakata, Iya, shekarar da guguwa ta kwashe rufin barikinmu.

Babana kofur ne. A lokacin an tura shi daji, mu kuma muna ciki da falo a layin ƙananan sojoji: ni, da Umma, da ƙanena, da Iya mahaifiyarsa. Guguwar ta zo ne a farkon damina, bayan la'asar. Na ga kwanon rufinmu ya naɗe kamar tabarma ya haura katanga. Washegari wani hafsa ya tara matan layin ya ba da oda: kowa ya koma firamaren da ke bayan ƙofar bariki, tunda ana hutu, kuma kada wanda ya sake taka layin sai an gama gyara an kira shi. Aka raba azuzuwa da zannuwa, kowane iyali da kusurwarsa.

Ba a yi nisa ba Maman Bulus, maƙwabciyarmu matar wani saje, ta kwashi 'ya'yanta ta koma. Ta ɗaura tamfol inda rufi yake a da, ruwa na dukansu suna kwana a haka. Wasu mata suka bi ta. Ta zo har ajinmu ta tsuguna kusa da Umma.

"Maman Rabi, ki zo ki shiga ɗakinki. Na daɗe a bariki. Wanda aka tarar a ciki, faɗa kawai za a yi masa. Wanda ke waje mantawa ake yi da shi."

Umma ta fara ɗaure kaya a ranar. Iya ce ta kwance ɗaurin. Ta auri soja, ta haifi soja, kuma ta san cewa laifin matar soja a kan mijinta yake sauka. Ta ce ɗanta yana can yana bin oda a bakin harsashi, ba za ta bari a ce iyalinsa sun karya oda a gida ba, a cire masa igiya ko a jefa shi gadirum ranar da ya dawo. Umma suruka ce, ba ta iya ja da ita. Ta mayar da tukwanen inda suke.

Bayan magariba, idan an sauke tuwo, Iya kan ja sauran itacen murhu zuwa bakin baranda, yaran azuzuwa duka mu kewaye ta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran kakanni ke yi. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "A ƙame! Tatsuniya za ta duba fareti." Mu kuma mu ce, "Ta duba, mun wanke ƙafa." Ni ba na magana cikin taro, don haka takan neme ni da ido ta ce takwararta mai bakin azumi ta matso kusa, kada hayaƙi ya ƙara mata shiru.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma a wannan damina guda ɗaya ta fi maimaitawa. Wai tsuntsaye duka suna zaune a wani katon gamji ƙarƙashin mulkin Mikiya. Iska ta zo ta watsa sheƙunansu. Mikiya ta ce kowa ya sauka cikin ƙaya ya jira, ita za ta kira su idan bishiya ta gyaru. Hankaka, wanda a lokacin fari ne tas kamar alawayyo, ya ce shi ba zai kwana cikin ƙaya ba, ya sulale ya koma reshensa. Tsawa ta faɗo a kansa ta ƙone shi ƙurmus, sai ɗan ƙirjinsa da ya rufe da fiffike ya tsira. Kurciya kuwa ta zauna cikin ƙaya, ƙayar na sukanta, ba ta motsa ba, sai dai ta riƙa tambaya a hankali ko an kira. Iya kan kumbura wuya ta yi kukan kurciyar har mu faɗi don dariya. A ƙarshe Mikiya ta sauko da kanta, ta ba Kurciya reshe mafi inuwa, ta ɗaura mata baƙar igiya a wuya, ƙarin girma, wadda jikokinta ke yawo da ita har yau. Daga nan sai Iya ta ce fareti ya watse, kowa ya nemi tabarmarsa.

Na yarda da tatsuniyar nan ɗari bisa ɗari. Duk sanda aka yi tsawa, sai in ji tausayin Bulus.

Aka gama rufin. Ba a kira mu ba. Daga bakin masu kai abinci kasuwar mami ta bariki muka ji cewa an kawo sababbin sojoji daga wani gari, kuma duk ɗakin da aka tarar babu kowa an ba su. Su Maman Bulus an yi musu faɗa, an bar su. Iya ta yafa mayafinta na Sallah ta bi Magajiya, shugabar matan bariki, zuwa ofis. Aka ce musu ɗaki na lambar soja ne, idan Kofur ya dawo ya zo da kansa a duba masa wani. Kofur bai dawo ba. Labarin rasuwarsa ma a ɗakin haya ya same mu, can bayan kasuwa, bayan watanni.

Amma kafin nan akwai yammacinmu na ƙarshe a firamaren, don hutu ya ƙare, hedimasta na son azuzuwansa. Yaran da suka rage suka nemi a yi musu ta Kurciya. Na zaci Iya za ta ƙi. Ta buga sandarta, ta ba da ita daga farko har ƙarshe, ba ta sauya ko kalma ba, har igiyar wuyan. Umma na jin ta daga ƙofar aji. Ta taso da butar alwala, ta tsaya a kan wutar ta juye ruwan duka. Muka zauna cikin warin jiƙaƙƙen toka har aka kira isha'i.

Na daɗe ina jin haushin Iya, kuma ban gama ba. Sai dai yanzu na gane ba mu take ba wa tatsuniyar nan ba. Da ta yarda cewa Mikiya ba ta saukowa, da sai ta tambayi kanta abin da mijinta ya yi da rayuwarsa, da abin da ta tura ɗanta ya yi. Ta rasu ba ta yi wannan tambayar ba. Ni kuma ta bar ni da halin: ko a nan, idan aka ce mini a wani ofis in je za a kira ni, godiya nake yi in tafi in jira.

Umma ce ta ɗauki ɗaya darasin, na Maman Bulus, ta kuma riƙe shi fiye da kima. A bana zan kammala digirina. Na yi mata booking na jirgi, na gaya mata kwanaki kaɗan ne, ta ga London ta ga ranar da za a kira sunana. A waya ina jin ƙarar injin niƙan maƙwabta a bayanta.

"Allah ya sa albarka, Rabi," ta ce. "Ki turo mini hoto. In na taho, wa zai kwana a ɗakin?"