Rabin Rawanin Kawuna

Shekarun baya da nisa, tun kaina na da gashi kuma ina ganin babu wanda ya kai ni iya karatun taswira tsakanin Kura da Bunkure, na yi aiki a wani ofishin safiyo na noman rani. Jiya jikata ta turo min lambobin wani wuri a waya wai in same ta a can. Na tsaya ina tambayarta wane irin lissafi ne lambobin, har ta ƙosa ta ce ni dai in danna kawai. Shi ne na ce bari in ba ku labarin abin da ya hana ni danna lamba kawai.

Lokacin ba a daɗe da sako ruwan Tiga cikin kanal ba. Mutanenmu sun rungumi noman alkama, kuma a wannan shekarar ta yi kyau ƙwarai. Tana fara cika ido sai jan-baki suka sauka. Wanda bai ga tsuntsayen nan a lokacin ba ba zai gane ba. Su taso daga fadama da safe har inuwarsu ta rufe gona, a yi ta kaɗa gwangwani ana ihu har murya ta dishe, su kuwa ko a jikinsu. Daga ƙarshe aka ce za a turo jirgin feshi daga Kano ya same su a makwancinsu da almuru. Aka ja mana kunne sosai a kan maganin: kada mutum ya tsaya a ƙarƙashinsa, kada dabba ta sha ruwan da ya zuba a ciki.

Ni aka tura na gano makwancin. Wani kurmin bagaruwa ne a cikin fadama, ta wajen Bunkure. Na auna shi, na sa shi a kan taswirarmu. To, taswirarmu ta ofis gida-gida ce, an ja layuka tsaye da kwance, kowane wuri ana kiransa da mita kaza gabas, mita kaza arewa. Matuƙin jirgi kuwa bai san wannan ba. Tasa taswirar digiri take ji, da minti, da sakan. Dole sai an juya namu lissafin zuwa nasa, kuma wannan aikin abokina ne.

Abokin nan nawa mutumin ƙasar Jos ne, Kirista, mai sanyin hali, ga tsabtar aiki. Teburinmu ɗaya. Ni ina tsokanarsa da cewa Hausarsa ta cikin kasuwa ce, shi kuma yana ce min Bafulatanin da ya tsere wa shanu ya ɓuya a bayan tebur. A hannunsa oga ya damƙa sabon injin lissafi mai batir, wanda ko taɓawa ba a bari mu yi. Ya juya lambobin, ya sake juyawa don tabbatarwa, ya rubuta.

Maganar Bafulatani kuwa ba ƙarya ya yi ba. Mahaifiyata 'yar ruga ce, kuma yayanta, wato kawuna, yana zaune da garkensa a gefen wannan fadamar. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganinsa babu farin rawani a kansa ba, ko kiwo zai fita. Ranar da za a yi feshin, da sassafe na hau babur na same shi. Na ce ya kwashe shanu da iyali daga kusa da kurmin, ya koma bakin tafkin da ke arewa. Ya tambaye ni ko na tabbata abin ba zai kai can ba. Na bugi ƙirji na ce ni na auna wurin da ƙafata, tafkin ba ya ciki ko kusa. Bai ƙara tambaya ba, ya sa aka kora shanu.

Ina can ashe matuƙin ya zo ofis da mota, wani Bature ne, ya karɓi lambobin, ya sa alama a taswirarsa ya koma Kano wurin jirginsa. Tun kafin ranar oga ya gaya mana yadda suka shirya da shi, don babu rediyo tsakaninmu da jirgin. Hayaƙi yana nufin nan ne, zuba. Farin ƙyalle biyu a gicciye a ƙasa yana nufin kada ka zuba. Da azahar oga ya ɗebi leburori da ƙyallayen a Landiroba suka tafi kurmin, suka bar mu mu biyu a ofis.

Bayan na yi la'asar muna zaune a bakin ƙofa muna cin gyaɗa, sai abokina ya ce, haka kawai cikin hira, shi bai san makwancin tsuntsayen a bakin ruwa yake ba.

Na ce, "Wane ruwa?"

Ya ce, "Tafkin mana. Na leƙa lokacin da Baturen yake sa alamarsa, dab da shuɗin nan ya sa ta."

Muka shiga ciki, ya ɗauko abin da ya rubuta. Lissafinsa daidai yake, babu kuskure ko ɗaya. Ya ba da digiri, ya ba da minti, sannan abin da ya yi saura ya rubuta shi yadda injin ya fitar: hamsin. Shi injin kashi ɗari ya sani, rabin minti a wurinsa hamsin ne. A taswirar matuƙi kuwa minti sakan sittin ne, rabinsa talatin. Idan Baturen ya ɗauki hamsin ɗin nan a matsayin sakan, to ya ƙara sakan ashirin arewa. Na ɗora rula a kan taswira. Sakan ashirin ya haura rabin kilomita, kuma bakin rular ya tsaya a kan tafkin da na tura kawuna.

Abokina ya yi ƙoƙarin kwantar min da hankali, ya ce ai matuƙi yana da ido, ba zai zuba ba sai ya ga tsuntsaye da hayaƙi. Amma ban yarda ba, don abin da ya faɗa ɗan birni ne kawai zai same shi abin kwanciyar hankali. Jan-baki ba sa shiga makwanci sai sun sha ruwa, kuma a tafkin nan suke sha. Hayaƙi kuwa, babu rugar da ba a hura wa shanu wuta da yamma don korar ƙuda. Jirgin daga arewa zai zo, tafkin zai fara tararwa. Zai ga alamarsa, ya ga tsuntsaye, ya ga hayaƙi.

Muka gwada wayar ofis. Abokina ya yi ta juya ta yana kiran Kano, babu ko motsi. Zuwa wurin oga kuma sai an zagaya ta gada, kafin mu kai mu dawo rana ta faɗi. Na ce tafkin za mu nufa kai tsaye. Ya haye bayana a kan babur, muka bi gefen kanal.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, kuma ba na fatan in sake. Hanyar gefen kanal siririya ce, ga ruwa a hagu, ga gangare a dama. Manoma suna ɗaga mana hannu suna murna, don kowa ya ji yau jirgi zai zo. Wani har ya tare mu zai yi godiya, na kauce masa ban tsaya ba, na san ya zage ni a ransa. Abokina ya riƙe ni kamar zai karya min haƙarƙari, ina jin yana addu'a da yarensu, ni ma ina yin tawa. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a rana, ita kuwa sai sauka take yi.

Tun daga nesa na hango hayaƙin, ya miƙe sama sambal saboda babu iska. Da muka ƙarasa na ga abin da nake tsoro duka a wuri ɗaya. Tsuntsaye sun rufe bakin ruwa. Shanu sun dawo kiwo suna cikin itatuwa, wasu sun riga sun shiga tafkin. Matan ruga suna ɗiban ruwa da ƙwarya. Kawu yana zaune a kan buzu kusa da wutar.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Kawu, a kashe wutar nan yanzu. Jirgin nan zai zo."

Ya dube ni. "Ba kai ka ce nan babu komai ba?"

Na ce ni na faɗa, amma lissafin ya sauya a hannun mai jirgi. Bai nemi bayani ba. Ya yi wa matan magana da Fulatanci, suka juye ruwan ƙoransu a kan wutar. Ashe mun ƙara ɓata lamarin, don wutar kashin shanu idan ta sha ruwa hayaƙinta ninkuwa yake, fari tas. Muka shiga tura mata ƙasa da hannu da ƙafa. Muna cikin haka na ji ƙugin jirgi ta wajen Kura.

Korar shanu ba ta taso ba. Ko an kore su, ruwan fa? Shi ke nan musu a duk yankin, su da mutanen. Na waiga ina neman farin ƙyalle. Rigata shuɗiya ce, ta abokina mai ruwan ƙasa, zannuwan matan duk baƙin saƙi. Fari ɗaya ne a wurin, kuma a kan kawuna yake. Ta yaya zan ce wa yayan mahaifiyata ya tuɓe rawani a gaban matansa da surukansa?

Jirgin ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, har na ga fuskar matuƙin. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, shanu suka firgita. Bai zuba ba, dubawa ya yi. Ya yi gaba ya fara karkata zai juyo, kuma na san wannan juyowar ta zubawa ce.

Abokina ne ya faɗa, ba ni ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, rawaninka. Fari biyu muke so, dogaye."

Kawu ya kai hannu ya warware shi. Kansa ya bayyana, furfura ce tas, na kawar da ido. Ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, ya taka gefe ɗaya, ya raba rawanin biyu. Na ja rabi, abokina ya ja rabi, muka ruga fili muka shimfiɗa su a gicciye, muka danne bakunan da busasshen laka. Na tsaya a gefe ina ɗaga hannuwa kamar mahaukaci, ko da yake an ce kada a tsaya a ƙarƙashinsa.

Ya taho kai tsaye, ƙasa fiye da na farko. Na ga bututun feshin a ƙarƙashin fukafukansa. Na rufe ido ina jiran in ji danshi a fuskata. Sai ƙarar injin ta sauya, ya yi sama. Ya zagaya mu sau ɗaya, sannan ya miƙe kudu, inda su oga suka ga abin da ke faruwa suka ƙara wa tasu wutar ciyawa. Daga inda muke muka hango shi yana sauka a kan kurmin.

Na zauna a ƙasa. Abokina yana ta ba Kawu haƙuri, har da hawaye, alhali shi bai yi laifin komai ba. Kawu ya ce masa ya tashi, ya sa aka kawo masa nono. Sannan ya je da kansa ya ɗauko rabi ɗaya, ya kakkaɓe, ya naɗa. Bai ko zagaye kan sau biyu ba. Haka ya ja mu sallar magariba.

Washegari oga ya kafa doka a ofis: duk lambar da za ta fita sai an rubuta a gefenta ko ta sittin ce ko ta ɗari, kuma sai an mayar da ita kan taswirarmu an ga inda ta faɗa. Har na bar aiki ban saki wannan ba. Abin da na koya shi ne lamba tana iya zama daidai a hannunka ta zama guba a hannun na gaba, idan ba ku yi magana da juna ba.

Amma abin da ya fi zauna min a rai daban ne. Mahaifiyata da ta ji labari ba ta tambayi jirgi ko shanu ba, cewa ta yi, "A gaban mutane ya cire?" Na sayi sabon rawani na kai masa, ya karɓa ya sa albarka, ya miƙo min ɗaya rabin ya ce in ajiye. Da shekara ta zagayo aka sake shirin feshi, na je na gaya masa inda zai koma, na ce wannan karon na bi lissafin ta kowace fuska. Ya saurare ni har na gama. Da gari ya waye sai na ji ya kwashe garkensa ya yi can wajen Madobi. Na bi shi na tambaye shi ko bai yarda da ni ba ne.

Ya ce, "Na yarda da kai, ɗan ƙanwata. Amma rawanin nan da ka saya min, ina so ya daɗe."

Allah ya ji ƙansa. Rabin yana nan a ƙasan akwatina, da tabon laka a bakinsa, ban taɓa bari an wanke shi ba.