Zabin Malam Illa da Babur ɗin Gwamnati

Ban taɓa mantawa da safiyar Larabar da waya ta same ni ina wanke allurai a ƙofar buro, wato ofishinmu, ba. Ƙanen Malam Illa ne daga asibiti. Ya ce, "Likita, sai haƙuri, Illa ya cika." Na yi masa addu'a, na ajiye wayar, na ƙarasa wankin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Shekara goma sha huɗu mu biyu ne kaɗai a ƙaramin buron kula da dabbobi na wajen Deule. Shi ne babba, ni mataimaki. Ranar da za a tafi da shi asibiti, abu ɗaya ya roƙe ni: "Sa'idu, in ban komo ba, ka kai ma Rabi zabin ga. Su sha biyu na. Kak ka raba su." Rabi matarsa ce, tana ƙauyensu, tafiyar kilomita shida.

Ga yadda zabin suka samu. Wata damina babur ɗin aiki ya lalace, ya yi wata biyu a rumfa. Kaza ta yi kwanci a ƙarƙashinsa, Illa ya sa mata ƙwan zabi, kamar yadda kowa ke yi. Suna ƙyanƙyashewa muzuru ya ɗauke kazar, suka girma a gindin babur. Da aka gyara shi, kullum safe Illa kan tada inji sannan ya watsa musu gero. A wurinsu babur ne uwa.

Illa ya sha zaunar da ni kallonsu. Ya ce in lura, kullum akwai ɗaya a kan rufi yana gadi, saura na ci, sannan su yi canji. Ya ce tun can da, duk zabon da ya ware shaho ya cinye shi bai bar baya ba. Waɗannan jikokin masu haƙuri da juna ne.

Ƙa'idar aikinmu, ma'aikaci in ya rasu, kayan gwamnati da ke hannunsa sukan koma babban buro. Bayan addu'ar bakwai shef, shugabanmu, ya kira daga babban buron da ke Buza, ya ce ranar Litinin mota za ta zo ɗaukar babur.

Na fara gwada kamu. Na kife ɗaya da kwando, sauran suka haye rufi suka yi ta zagina har maƙwabta suka fito. Na cikin kwando ya ƙi gero, ya ƙi ruwa. Na sake shi.

Ranar Lahadi da hantsi na tada babur na fita da shi. Suka biyo. Da na hau na ɗan murza, na bar su a baya suna ihu. Da na kashe, suka watse cikin gonar mutane. Hanya ɗaya ta rage: inji yana aiki, ni ina ƙasa ina turawa.

Wani tsoho a kan jaki ya cim mana.

"Likita, ya lalace na?"

"Lahiya lau shike, Baba."

"To hau mana!"

"Ina da rakiya."

Ya waiwaya ya dubi zabin. "Kai aka biya albashi, ko su?" Ya wuce mu, jakinsa ma ya fi mu sauri.

A rabin hanya shef ya kira.

"Sa'idu, mi nika ji haka? Babur yana ina?"

"Yana hannuna, shef."

"Kana bisa?"

"Ina gefe."

Na faɗa masa gaskiya duka. Ya ce, "Allah shi jiƙan Illa. Kak ka rubuta wanga cikin rapor."

Mun isa bayan azahar, hannuwana sun kumbura. Rabi tana takaba, ba ta fito ba, ta watso gero daga bakin zaure. Na kashe inji. Zabin suka duƙufa, ɗaya ya haye danga ya miƙe wuya. Na ji ta tana ƙirga a hankali, ta sake ƙirgawa.

"Malam Sa'idu, sannu da wahala. Amma sha ɗaya na."

Zabo mai tafiya ba ya ƙirguwa, kuma ban dubi sama ba lokacin da muka tashi. Na janye babur shiru kamar ɓarawo don kada su biyo ni, sai da na yi nisa na hau. Ina isa buro na tarar da na sha biyun a kan rufi. Ranar shi ke da gadi, ba wanda ya zo ya canje shi.

Na tada masa inji. Ya leƙo, bai ga kowa a bayan babur ba, ya koma. Na kafa kwando, ya ƙi kusantarsa. Da safe mota ta zo ta tafi da babur.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, an koya muku ƙirga dabba da kai ɗai-ɗai, haka takarda ke so. Ni ranar na gane garke ba kawuna ba ne. Wannan zabon lafiyarsa lau, ga gero, ga ruwa, amma yana ramewa. Yakan sauko ya yi tsinci biyu, ya ɗaga kai, ya tuna ba mai duba masa sama, ya koma rufi. Ni ma tun rasuwar Illa a tsaye nake cin abincin rana.

Na rubuta wa Buza ina neman aron babur na yini ɗaya. Na ce watakila in na ɗauko biyu daga wurin Rabi ya yarda ya bi su. A gurbin dalili na sa "rakiyar zabo guda". Amsa ba ta zo ba tukuna. Sha ɗaya na kai. Na sha biyun yana nan bisa rufi.