Kyautar da Sista Kaltume Ta Fasa

Duk wanda ya taɓa jinya a ɓangaren masu ciwon zuciya na wani asibiti da ke tsakiyar Riyad ya san Sista Kaltume, ko da sunan ya kwanta masa. Ita ce doguwar nan mai tabarau da ke duban fuskar majinyaci kafin ta dubi takardarsa. Shekara goma sha takwas ke nan tana wannan aiki a ƙasar. Tsofaffin Larabawa masu taurin kai, waɗanda likita ya yi ya yi su sha magani suka ƙi, da ta tsaya a kansu ta ce, "Yalla, Baba," sai ka ga baki ya buɗe. Mace ce mai magana ɗaya, ba ta da kwana-kwana. Amma fa a asibiti ne. A gida, in dai a kan 'yarta ta fari ce, wallahi sai ka rantse ba ta da baki.

'Yar Haɗeja ce, a Birnin Kudu ta yi makarantar aikin jinya. Ta zo Saudiyya da mijinta Munzali, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda daga baya ya samu aiki a wani garejin gyara a unguwar Gubaira. Suka kama gida a unguwar Ulaisha, hawa na biyu, saman wani kantin kayan masarufi. Nan aka haifi Khairiyya, nan aka haifi ƙanwarta Mubina.

To, Kaltume ta taho da kunyar ɗan fari tun daga Haɗeja, ko ƙwarzane ba ta yi a hanya ba. Ba ta kiran sunan Khairiyya, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Mijin ma Abban Mubina take ce masa, ta tsallake ta farin. In Mubina ta zo da sakamako mai kyau, a rungume ta a yi shewa. In Khairiyya ce, wadda kullum ita ke kan gaba a ajinsu, sai Kaltume ta kau da kai ta ce, "To, Allah ya ƙara," ta shige kicin. Can kuwa a kicin ɗin murmushi take yi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Hajji. Haka ta ga an yi. Ita ma ta fari ce a ɗakinsu, tana shekara huɗu aka miƙa ta ga goggonta, kuma ko rana ɗaya ba ta taɓa zaton mahaifiyarta ba ta son ta ba.

Da Khairiyya ta cika shekara goma sha shida, ta gama aji goma a makarantar ƙasa da ƙasa da suke zuwa can arewacin gari, sai hanya ta rabu biyu. Ɗaya ita ce ta zauna ta yi shirin diflomar nan da ake kira IB: shekara biyu, darussa shida, dogon rubutun bincike, aikin taimakon jama'a, sannan jarrabawa mai zafi a ƙarshe. Wanda ya fita da kyau, jami'o'in ƙasashe da yawa sun san takardarsa. Ɗayar kuma ita ce ta tafi Amurka, wurin ƙanin mahaifinta, Baffa Tamimu, da ke zaune da iyalinsa kusa da Seattle. Akwai kwalejin al'umma ta shekara biyu kusa da gidansa, mai karɓar yara masu shekarunta su ƙarasa sakandare a can, suna yi suna tara darussan da jami'a za ta iya lissafa musu in sun koma cikinta.

Munzali ya fi karkata ga ta biyun, kuma ba a banza ba. Ya ce ta fi sauƙi ga aljihu, ajujuwan ba su da cunkoso, ba kuma jarrabawa ɗaya ce za ta yanke wa yarinya hukunci ba. Abin da ya fi damunsa shi ne iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Zaman yaran da makarantarsu duk a kan kwantiragin Kaltume suka rataya, shi kuwa shekara-shekara ake sabunta shi. "In aka ce ba a sabunta ba tana tsakiyar karatun fa?" in ji shi. "Ta tashi ba wan ba ƙanin."

Kaltume ta ji, ta kuma san gaskiya ya faɗa. Amma a ranta so take yarinyar ta zauna. Shekara biyu kacal take roƙo, ta ƙara ganin takalmanta a bakin ƙofa in ta dawo daga aiki. Sai dai ina! Uwa ta buɗe baki ta ce ba ta iya rabuwa da 'yar fari? Ai sai a yi da ita har Haɗeja.

Ana cikin haka, wata Juma'a da yamma Tamimu ya kira ta bidiyo, iyali duk suna falo. Tsakaninsa da Kaltume akwai wasan ƙanin miji, suka taɓa barkwanci, ya tambaye ta ko har yanzu tana azabtar da Yayansa da miyar kuka. Daga nan ya gyara zama.

"Matar Yaya, magana ce da ni. A ba ni Khairiyya. Ga ɗaki, ga kwaleji, ga 'yan uwanta."

Ko numfashi Kaltume ba ta ja ba. "Haba Tamimu, har sai ka tambaya? Ai 'yarka ce. Ko gobe ka ce ta taho, ta taho."

Abin da ake faɗa ke nan, kowa ya sani. Dangin miji sun nemi ɗan fari, uwa ta gari ba ta jan magana. Tamimu ya yi godiya, Munzali ya ji daɗi, aka juya ga yarinyar aka ce, "Kin ji?" Khairiyya ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Kaltume kuwa ta miƙe wai za ta duba shayi, alhali ko ruwa ba ta ɗora ba.

Aka shiga shirye-shirye. Aka cike takardun kwaleji, aka fara neman ranar ganawa don biza. Kaltume ta yi ta maza, ta sayo rigunan sanyi a kasuwar Batha, tana ninkewa tana jerawa a akwati. Ta lura yarinyar ta rage cin abinci, ta rage surutu da Mubina. Ita da ke gane majinyaci zai rikice tun kafin na'ura ta yi ƙara, sai ga shi ta fassara wannan da zumuɗin tafiya. Kai, Kaltume!

Saura takarda ɗaya, ta janye ɗaliba daga makaranta, kuma dole uwa ko uba ya je da kansa ya sa hannu. Munzali yana da aiki, sai Kaltume ta yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikinta ta tafi da hantsi. Aka kai ta ofishin malamar da ke ba ɗalibai shawara kan jami'a, wata dattijuwa 'yar Sudan. Matar ta ajiye takardar a gabanta, amma ta dafe ta da hannu.

"Kafin ki sa hannu, Ummu Khairiyya, ki duba wannan."

Wata takarda ce da ɗalibai suka cike tun watanni uku baya, ta zaɓen darussan IB. Khairiyya ta zaɓi ilimin sinadarai da na halittu a mataki mai zurfi. A ƙasa, inda aka tambayi abin da ɗalibi ke sha'awar bincikawa, ta rubuta cewa tana son ta gano ko lallen da mata ke sawa a yatsu yana rikita ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar jini. Ta ƙara da cewa mahaifiyarta ce ta taɓa yin wannan tambaya, kuma tana son ta kawo mata amsa.

Kaltume ta sake karanta layin. Ta tuna, da Munzali take hirar wata rana suna cin abinci, tana mitar wata tsohuwa da ta zo da hannu baƙi ƙirin da lalle. Ashe yarinyar na gefe tana naɗewa.

"Kwalejin ba laifi gare ta ba," in ji malamar. "Na tura yara da yawa ta wannan hanya, sun yi kyau. Sai dai a bincika tun wuri ko jami'ar da ake hari za ta karɓi duk darussan. Amma na tambayi 'yarki dalilin da ta canza ra'ayi, amsar da ta ba ni ba ta karatu ba ce. Ta ce, 'Ummina ta ba da ni. Baffana ya tambaya, ko minti ɗaya ba ta yi tunani ba.' Ta ce da Mubina ce, da ba ki bayar ba."

Kaltume ba ta sa hannu ba. Ta ce za ta dawo.

A cikin jirgin ƙasa na cikin gari, a taragon mata, ta zauna tana kallon gilashi ba ta ganin komai. Haushi ta fara ji. Wace irin yarinya ce ba ta san kara ba? Kafin a wuce tasha biyu haushin ya juyo kanta. A Haɗeja wa ya gaya mata mahaifiyarta na son ta? Kakarta ce, da goggonninta, da matan gidan da ke tsokanar uwar suna cewa, "Ga ta nan tana satar kallonki." Gari guda ne ke fassara wa yaro shirun uwarsa. A Ulaisha kuwa wa zai yi? Yarinyar ta tashi tana ganin uwayen ƙawayenta, Misirawa da 'yan Siriya, suna sumbatar 'ya'yansu a bakin makaranta suna "ya rai na". Kaltume ta kawo kunyar, ta baro masu fassarar a gida. Shekara goma sha shida yarinya tana karanta shirun nan ita kaɗai.

Bayan la'asar ta sami Khairiyya a kicin tana wanke kofuna. Kaltume ta tura ƙofa ta rufe, ta jingina da firji. Ta sha gaya wa iyalan majinyata labari mai nauyi ba tare da muryarta ta yi rawa ba, amma yau harshenta ya yi mata nauyi.

"Na je makarantarku. Na ga maganar lalle."

Yarinyar ba ta juyo ba.

"Ke, saurara. Ban ba da ke don ba na son ki ba. A wurinmu, wanda aka fi ji da shi, shi ake kau da kai a kansa. Haka aka yi min, haka na iya. Ban san ba ki sani ba."

Khairiyya ta kashe famfo. Da ma in ranta ya sosu Hausa guduwa take mata, sai ga Larabci yana zuba haɗe da kuka. Ta ce ta ɗauka nauyi ta zame musu. Ta ce tun tana aji uku take ƙoƙarin zuwa ta ɗaya ko za a rungume ta sau ɗaya. Wannan kalma ta daki Kaltume. Ta jawo ta jikinta, hannuwan yarinyar duk kumfar sabulu, suka ɓata mata gaban riga. Sai a lokacin ta gane 'yar ta kusa kamo ta a tsawo.

Da suka natsu, Kaltume ta koma Sista. Ta zaunar da ita, ta ce a ajiye maganar uwa da ta Baffa, a yi ta karatu. Ta faɗa mata gaskiya: IB wahala ce, akwai yaran da ta kayar, kuma kwantiragi ba a hannunsu yake ba. Khairiyya ta ce ta sani, ta yi magana da 'yan ajin gaba, ta ga yadda suke ramewa lokacin jarrabawa. Duk da haka shi take so. Ba ta tabbatar Amurka za ta yi jami'a ba, tana son ƙofar Malesiya da Ingila da ma gida Najeriya ta zauna a buɗe. In kuma aikin Umma ya ƙare a tsakiya, ai kwalejin ba gudu za ta yi ba.

Munzali da ya dawo ya ji, ya shafa gemu. Ya ce shi ba ya ƙin abin da yarinya ta zaɓa da hankalinta, za a ƙuƙuta. Ya ce bari ya kira Tamimu ya san yadda zai lallaɓa shi, ya ce makaranta ce ta ba da shawara.

"A'a," in ji Kaltume. "Ni na bayar, ni zan karɓo."

Bayan magariba, lokacin gari ya waye a can, ta kira. Ta saki muryar wayar kowa yana ji, ta kuma hana Khairiyya tashi daga kusa da ita. Aka gaisa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin ɗakin.

"Tamimu, kyautar nan da na yi maka, na fasa."

"Subhanallahi, Matar Yaya, lafiya? Biza ce ta ƙi?"

"Ba biza ba ce, ba makaranta ba ce, ba kuma Yayanka ba ne. Yarinya tana son karatunta a nan, ni kuma ina son 'yata kusa da ni."

Sai Tamimu ya fashe da dariya har yana tari. "Yau ga abin mamaki! Ke ce da bakinki, a kan 'yar fari? Wallahi sai na kira Haɗeja."

"Kira duk wanda ka ga dama," in ji Kaltume, tana riƙe da hannun yarinyar gam. "Nan da shekara biyu, in ta ce wurinka za ta, ni zan kai ta filin jirgi. Amma yanzu ka yi haƙuri, ban gama ganin ta ba."