Baƙon bakin rijiya

A gidanmu na Malumfashi, Iya Abu, kakata ta wajen uba, ba ta kashe murhu idan an sauke tuwo. Takan tura masara cikin garwashin, mu jikoki mu zagaye ta, ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu ce mu ne. Ita ce mai wankan gawa ta unguwarmu, saboda haka kullum zanenta da ɗan ƙanshin kafur. Ba mu taɓa jin tsoron wannan ƙanshin ba, don da shi muka san cinyarta.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ta fi ba ni haushi. Wai an wayi gari a wani ƙauye aka tarar da baƙo kwance a bakin rijiya, an kashe shi. Gari ya taru. Mahauta suka ce aikin fatake ne, fatake suka ce a tambayi mahauta, mai gari ya ce kada kowa ya taɓa gawar sai an gano mai laifi. Rana ta take, ana ta musu, ƙuda na bin bawan Allah. Sai wata tsohuwa ta ajiye tulunta ta ratsa taron. Dogari ya tare ta ya ce, "Ke wace ce gare shi?" Ta ce, "Namu ne." Ta kwance mayafinta ta rufe shi, ta sa maza suka yi masa wanka da ruwan da ta ɗebo, aka sallace shi aka kai shi. Daga nan sai Iya ta kakkaɓe hannu ta ce ta ƙare.

"Iya, to wa ya kashe shi?"

"Ke dai kin cika ƙwaƙwa. An binne shi ko ba a binne shi ba?"

"An binne shi."

"To tashi ki wanke hannu."

Na girma da wannan tambayar a raina. Ina ganin ita ce ta jefa ni cikin finafinan 'yan sanda masu dogon zango na ƙasashen Suwidin da Denmak da Norwe, lokacin kullen korona, muna zaune a unguwar Al Aziziya, can ƙasar Larabawa. In na dawo daga asibitin da nake aikin haɗa magani, na yi wanka, sai mu zauna ni da maigidana Baban Ummi mu kalli kashi biyu. Waje zafi kamar bakin tanda, a talabijin kuwa dusar ƙanƙara da daji shiru. Na so su ƙwarai. Ba gaggawa, ba harbe-harbe, 'yar sandar da ke binciken ma a gajiye take kamar ni, gidanta a hargitse. Abin da ya fi daɗi, a ƙarshe ana faɗa maka wanda ya yi kisan, bashin da Iya ta ƙi biya na.

Amma da na daɗe ina kallo sai wani abu ya fara ci mini rai. Kusan kullum yarinya ce ake tsinta a bakin tafki. A kai ta ɗakin sanyi, a jawo ta a duba, a mayar. Mako da makonni tana nan kwance, kyamara ta bi ɗan sanda zuwa gida mu ga yadda aurensa ke mutuwa. Sunan mai kisan ina riƙe shi, sunan yarinyar kuwa kafin kashi na uku na manta. Na faɗa wa Baban Ummi, ya ce, "Fim ne fa, Hadiza." Na san fim ne, amma na daina jin daɗinsa kamar da.

Ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a ƙasar da muke zaune, gari ya cika da tutoci da ganguna, wata 'yar Zongon Kumasi mai suna Fati ta kira ni. Ta ce, "Hajiya, Mariyama ta rasu. Mutanenta duk suna Kumasi, sun ce a binne ta a nan. Ni kuma an hana ni fita daga aiki." Mariyama mai goge-goge ce a asibitinmu, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kwananta biyu a mutuware, takardu sun kammala, babu dai wanda zai tsaya mata.

Na ɗauki mota na bi ta unguwar Al Thumama, cunkoson masu zuwa kallon ƙwallo ya riƙe ni. Ban taɓa ganin wankan gawa ba. Iya ta rasu tun ina jami'a, ban kuma taɓa tambayarta yadda ake yi ba.

A ƙofar ɗakin wankan, matar da ke kula da wurin ta dube ni, ta dubi takardar hannunta. Ƙanshin kafur ya fito ta bayanta ya same ni. Ta tambaye ni da Larabci ni wace ce ga mamaciyar.

Na ce, "Tamu ce."

Ta matsa gefe, na naɗe hannun rigata na shiga.