Hajiya Radiya da garin maganin dafi

A Ƙofar Kuyambana, kafin mai koko ta sauke tukunya, Hajiya Radiya ta riga ta tare ɗan sahu, sai ɗakin gwajin magunguna. In ka tambayi maƙwabta, cewa za su yi, "Aikin asibiti take." Kai, da sun sani!

Maganin dafin maciji ne ya hana baiwar Allah nan sakat. Daga jinin doki ake tace shi, ƙwayoyin garkuwa ne masu damƙe dafi. Amma ruwa ne, kuma ɗan gata: babu firji, ya lalace. Firji a asibitin ƙauye, da wace wutar? Sai a kawo manomi maciji ya sare shi, a ɗauko kwalba, a tarar ta tashi aiki.

Hajiya ta ce sai ta mai da shi gari: a daskarar, inji ya zuƙe ruwan, ya ajiyu kamar busasshiyar kuɓewa. A baki da sauƙi! Garin ya yi ta yin gudaji, ƙarfinsa na zubewa. Ta kwashe shekaru tana gwada wani irin sukari mai lulluɓe ƙwayoyin, har ranar da garin ya narke tas, ya kuma kama dafi. Abokan aikinta sun rantse guɗa ta rangaɗa, da farar rigar aiki a jikinta.

Saura halinmu. Mu dai ko wane magani sai mun girgiza. Wannan kuwa in ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu. Hajiya ta bi ƙauyuka tana faɗa har muryarta ta dishe: "Ku juya a hankali, kada ku girgiza!"

Malama Jummai, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye, ita ce shaida. Da damina aka kawo mata wani manomi, Labaran, daga gonar rake, kububuwa ta sare shi, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Garin da ya rage mata bai fi na mutum guda ba, tun bazara yake cikin kabad. Ta zuba ruwan allura, matar Labaran na kuka a kanta: "Malama, girgiza mana, zai mutu!"

Hannun Jummai har ya ɗaga, sai muryar Hajiya ta faɗo mata. Ta cije, ta yi ta juya kwalbar sannu sannu har garin ya narke, sannan ta yi masa allurar. Kafin la'asar jinin ya tsaya.

Ranar walimar ajiye aikin Hajiya, sai ga Labaran da ƙafarsa, ɗauke da kwandon mazarƙwaila.

"Iya, an ce da sukari kike haɗawa," in ji shi. "Ga nawa, kada aikin ya tsaya."

Ta yi dariya har da hawaye, ba ta dai faɗa masa ba cewa ba irin wannan sukarin ba ne.

Hajiya, ke ce kika kai magani inda wayar lantarki ba ta kai ba. Wallahi muna alfahari da ke, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu farar riga da ta bari a ɗakin gwaji, ku zage damtse. Labaran ya riga ya kawo nasa.